Likita Mila: Baturen da ya fassara Baibul zuwa Hausa

A majami'u da dama na arewacin Nijeriya, tun daga Wusasa har zuwa Yelwa ta Yawuri da ƙauyukan bakin tafkin Kainji, da harshen Hausa ake karanta Baibul, da shi kuma ake wa'azin tuba da neman gafara. Babu wanda ya kai Dokta Walter Miller hannu a cikin wannan al'amari, mutumin da Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila.

An haife shi ne a shekarar 1872 a garin Honiton da ke kudu maso yammacin Ingila. Bayan ya kammala karatun aikin likita a Landan, sai ya shiga ƙungiyar 'yan mishan ta CMS, wadda ta tura shi birnin Tarabulus na ƙasar Libya domin ya koyi Hausa a wurin fatake da alhazan da ke yada zango a can.

A shekarar 1900 ya kasance cikin ayarin Bishop Herbert Tugwell da ya taso daga Legas ya nufi Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umarce su da su bar masa gari cikin 'yan kwanaki. Ayarin ya koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya mutu, sauran kuma rashin lafiya ya tarwatsa su.

Zamansa a Zariya

Wannan bai sa Miller ya karaya ba. A shekarar 1905 ya sami iznin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makarantar yara. Sai dai zamansa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi bai yi daɗi ba. Ya riƙa kai ƙarar Sarkin wurin Turawan mulki, kuma ƙorafe-ƙorafensa na cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe shi aka kai shi Lokoja, inda ya rasu a 1924. Har yau wasu ba su yafe wa Miller wannan ba.

A shekarar 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Su almajiran wani malami ne na Kano, Malam Ibrahim, wanda aka kashe a ƙarni na 19 saboda irin matsayin da ya bai wa Annabi Isa, Alaihis Salam, a cikin karatunsa. Waɗanda suka karɓi Kiristanci daga cikinsu sun kafa unguwa a Gimi, amma ciwon barci ya hallaka da yawa, sauran suka dawo Zariya.

Aikin fassara

Kafin Miller, wani Bajamushe mai suna James Schön ya fassara sassan Baibul zuwa Hausa a ƙarni na 19, ba tare da ya taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Miller kuwa ya shafe shekaru yana aikin a tsakanin masu harshen, tare da mataimaka Hausawa da 'yan mishan na wasu ƙungiyoyi. A shekarar 1932 aka buga cikakkiyar fassarar da sunan Littafi Mai Tsarki.

Babban abin da masu fassarar suka tarar shi ne cewa Musulunci ya riga ya shimfiɗa musu kalmomi. Tuba, da gafara, da zunubi, da rahama, da Zabura, duk Hausa ta daɗe da aro su daga Larabci, kuma su ne aka yi amfani da su.

Don haka Bahaushen da ya buɗe littafin zai ga labaran da ba baƙi ba ne a kunnensa. Akwai na Annabi Yunusa da mutanen Nineba, tsohon birnin da kufansa ke daura da Mosul a Iraƙi, waɗanda aka yi wa gargaɗin halaka cikin kwana 40, suka yi azumi suka tuba, aka ɗauke musu azaba. Alƙur'ani ma ya ambaci tsirar mutanen Yunusa a aya ta 98 ta surar da ke ɗauke da sunansa. Akwai kuma Zabura ta 51, wadda Kiristoci ke karantawa a matsayin addu'ar tuban Dawuda, da misalin ɗan da ya ɓarnatar da gadonsa ya dawo mahaifinsa ya yafe masa, a babi na 15 na Linjilar Luka.

Inda hanya ta rabu shi ne a kan tushen gafarar. Miller yana koyar da cewa ta dogara ne ga gicciye Almasihu, alhali Alƙur'ani ya kore gicciyewar, kuma Musulmi sun yi imani cewa bawa yana tuba ne kai tsaye ga Ubangijinsa. Musulmin da suka bi shi kaɗan ne ƙwarai. Fassarar ta fi samun karɓuwa a tsakanin ƙabilun da ba Hausawa ba, kamar na Filato da kudancin Zariya da Zuru, har Hausa ta zama harshen ibadarsu.

Ƙarshen rayuwarsa

A shekarar 1929 aka fitar da mishan ɗin daga cikin birni zuwa Wusasa, shi kuma Miller ya koma Kano. Daga cikin waɗanda makarantarsa ta yaye akwai Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

Da girma ya kama shi, sai ya juya gargaɗinsa ga 'yan uwansa Turawa. A 1947 ya wallafa wani littafi wanda takensa ke tambaya ko Turawa sun gaza a Nijeriya, inda ya soki yadda aka bar talakan Arewa cikin jahilci da zaluncin masu mulki.

Ya mutu a Bukuru kusa da Jos a shekarar 1952, yana da shekaru 80. Wasu na ɗaukarsa a matsayin ɗan rakiyar mulkin mallaka wanda ya yi wa sarautar Zazzau shisshigi. Wasu kuma na tuna shi da asibiti da makaranta, da hidimar fiye da shekaru 50 da ya yi wa harshen Hausa.