Arthur Ashe, Gwanin da Ya Sanyaya Mini Hannu

Da na fara koyon yankan ƙwallon tanis da bayan hannu, ƙarfi nake sawa, ita kuwa sai ta tashi sama. Tarihin marigayi Arthur Ashe ne ya gyara mini tunani. An haife shi a Richmond ta Amurka a 1943, zamanin wariyar launin fata. A wasan ƙarshe na Wimbledon a 1975 ya kara da Jimmy Connors, mai bugu kamar aradu. Ashe bai biye masa ba, sai ya riƙa yanko masa ƙwallon ƙasa-ƙasa, a sanyaye, har ya yi nasara. Shi ne baƙar fata namiji na farko da ya ɗauki wannan kofi. Ya rasu a 1993. Yanzu nakan sassauta hannu, in shafo ƙwallon daga sama zuwa ƙasa.