Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, Allah Ya Jiƙansa

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, idan shekarunka sun kai, ka san inda kake ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2007. Mu nan Wudil ranar kasuwa ce, kuma jajibirin zaɓen gwamnoni. Da hantsi labari ya gama gari: an harbe Malam Ja'afar yana limancin sallar Asuba a masallacin Almuntada da ke Ɗorayi, Kano.

An haife shi a Daura a 1960. Almajiri ne na allo, ya haddace Alƙur'ani tun yana saurayi, daga baya ya tafi Jami'ar Musulunci ta Madina. Da ya dawo ya zauna karantarwa a masallacin Usman bin Affan, Gadon Ƙaya: Kitabut Tauhid, Bulugul Maram, Riyadus Salihin. Da azumi kuwa sai tafsiri a masallacin Indimi, Maiduguri, kaset-kaset ɗinsa har ƙauyukan da bai taɓa takawa ba. Ko waɗanda suka saɓa masa a fahimta, ga su da yawa, ba su musa ƙwarewarsa a Alƙur'ani ba.

Abin da ya fi ƙona zukatan almajiransa, babu jinya balle sallama, littattafai suka tsaya inda aka kwana. Manyan maza sun yi kuka a janaza, kuma kada ka ga laifinsu: Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Kururuwa da yage tufa shari'a ta hana.

Ranar aka binne shi a Ɗorayi. Allah Ya gafarta masa.