Inayat Khan: Makaɗin da ya yaɗa ilimin warkarwa da sauti, sannan ya ajiye kiɗa

A manyan biranen duniya yau akwai wuraren da ake kwantar da mutum a kaɗa masa kwanonin tagulla ko a busa masa sarewa domin ya huce gajiyar aiki. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a suna kafa hujja da karatun wani Ba'indiye da ya rasu kusan shekara ɗari da suka wuce, wato Inayat Khan.

An haife shi ranar 5 ga Yulin 1882 a birnin Baroda da ke yammacin Indiya, a gidan Musulmi da kiɗa ya zama gado. Kakansa na wajen uwa, Maula Bakhsh, shi ne ya kafa makarantar koyar da kiɗa ta birnin, kuma a hannunsa yaron ya fara koyo. Ya ƙware a waƙa da kaɗa vina, wani abin kiɗa mai dogon wuya da tsirkiya bakwai: huɗu na fitar da karin waƙa, uku na riƙe amo ɗaya da ba ya yankewa. Wannan amo mai ɗorewa shi ne ginshiƙin kiɗan gargajiyar Indiya, kuma shi ne yake sa mai sauraro ya natsu.

Tun yana saurayi ya yi wasa a fadar Nizam, sarkin Hyderabad, ya samu yabo da kyauta. A wannan birni ne kuma ya haɗu da Sayyid Abu Hashim Madani, ya zama muridinsa a ɗariƙar Chishtiyya, wadda ta shahara da amincewa da sauraren waƙoƙin bege a matsayin hanyar tausasa zuciya. Shehin ya rasu a 1907. Bayan shekara biyu, aka naɗi muryar Inayat Khan a faifai a birnin Kalkata, faya-fayan da har yanzu ana iya saurara.

A Satumbar 1910 ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka tare da ƙaninsa Maheboob da ɗan'uwansu Muhammad Ali Khan. Abin da suka tarar bai yi musu daɗi ba. Kiɗan da a gida ake saurara cikin ladabi, a can abin kallo ne kawai, har ta kai suna yi wa 'yan rawa kiɗa a dandamali domin su samu abin kai wa bakin salati. Ya zagaya Ingila da Faransa da Rasha, ya auri Ba'amurkiya Ora Ray Baker a 1913, ya zauna Landan lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga bisani ya tare a Suresnes, kusa da Paris.

A laccocinsa, waɗanda aka tattara wasu a littafin The Mysticism of Sound na 1923, ya koyar da cewa jikin ɗan Adam yana tafiya ne bisa kari, kamar bugun zuciya da shigar numfashi da fitarsa. A ganinsa, damuwa da wasu cututtuka alama ce ta ɓacin wannan kari, kuma sauti mai kyau yana iya daidaita shi. Fahimta ce ta Sufi, ba sakamakon gwajin asibiti ba, duk da cewa masu tallar kayan kiɗa a yau sukan haɗa biyun.

Abin mamaki, a wannan zamanin ne ya daina kiɗa a bainar jama'a. Ya bayyana cewa ya sadaukar da abin da ya fi so ne domin ya duƙufa ga tarbiyyar zukatan almajiransa. Bai tsira daga suka ba: ya karɓi muridai ba tare da sharaɗin su musulunta ba, lamarin da malamai da dama ke ganin ya kauce wa turbar shehunansa.

Ya koma Indiya a 1926, ya rasu a Delhi ranar 5 ga Fabrairun 1927 yana da shekara 44. Kabarinsa yana kusa da hubbaren Shehu Nizamuddin Auliya. 'Yarsa Noor, wadda ta yi wa Birtaniya aikin asiri a Faransa, 'yan Nazi sun kashe ta a sansanin Dachau a 1944.