Francis Greenway: Fursunan da hotonsa ya hau takardar kuɗin Ostireliya

Duk mai son bin sawun rayuwar Francis Greenway ba zai fara daga kabarinsa ba, domin kabarin ba shi da alama. Sai dai ya nufi kundin kotu da rajistar jirgin ruwa da wasiƙun gwamnati, inda sunansa ke ɓulla jefi-jefi, wani lokaci a jerin masu laifi, wani lokaci a sahun ma'aikatan hukuma.

An haife shi a shekarar 1777 a Mangotsfield, kusa da birnin Bristol na Ingila, a gidan magina. Ya taso ya ƙware a zanen gine-gine, amma a 1809 ya karye, bashi ya yi masa katutu. A 1812 aka gurfanar da shi bisa laifin ƙirƙiro takardar jabu. Ya amsa laifinsa, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa kora ta shekara 14 a yankin New South Wales, inda Birtaniya ke jibge fursunoninta. Yana tsare a kurkukun Bristol ya zana hotuna biyu na zaman gidan yari, waɗanda har yau suna nan.

Rajistar jirgin General Hewitt ta nuna ya sauka a Sidni a watan Fabrairun 1814. Ya iske gari yana bunƙasa, ga ƙarancin ƙwararru. Gwamna Lachlan Macquarie, wanda ya yi imani cewa tsohon mai laifi na iya zama mutumin kirki idan aka ba shi dama, ya naɗa shi mai zanen gine-ginen gwamnati a 1816, a kan albashin sule uku a yini.

Cikin shekara shida Greenway ya sauya fuskar garin. Shi ya tsara hasumiyar fitila mai yi wa jirage jagora a bakin tashar Sidni, da majami'ar St James, da ta St Matthew a Windsor. Shi ne kuma ya tsara barikin Hyde Park, masaukin 'yan uwansa fursunoni, wanda aka kammala a 1819, shekarar da ya samu cikakkiyar afuwa.

Sai dai hali zanen dutse. Wasiƙunsa sun nuna mutum ne mai ji da kai da saurin husuma, ya ɓata da magina da hafsoshi, har da gwamnan da ya ɗaga shi. Da Macquarie ya bar mulki, sai inuwa ta gushe. A 1822 aka sallame shi, ya shafe sauran shekarunsa yana rubuta koke kan ladan aikin da ya ce ana riƙe masa, ba a biya shi ba. Ya rasu cikin talauci a 1837 a yankin kogin Hunter, aka binne shi a East Maitland.

Bayan shekara 129, a 1966, Ostireliya ta fitar da sabon kuɗinta na dala, ta ɗora hoton Greenway a kan takardar dala 10, ya zauna a kai har 1993. Mutumin da jabun takarda ya kusa kai shi ga igiya, fuskarsa ce ta koma shaidar ingancin kuɗin ƙasa. A 2010 kuma hukumar UNESCO ta sanya barikin Hyde Park cikin wuraren tarihi na duniya.