Home Popham: Hafsan sojan ruwan da ya koya wa tutoci magana

Kafin zuwan waya da rediyo, babbar matsalar kwamandan rundunar jiragen ruwa ita ce yadda zai isar da umarni ga jiragen da ke nesa da shi, inda ƙarar iska da ta igwa ke haɗiye muryar ɗan Adam.

Mutumin da ya fi kowa taimakawa wajen warware wannan matsala a Birtaniya shi ne Sir Home Riggs Popham, hafsa mai kaifin basira, wanda rayuwarsa ta kasance cike da yabo da kuma zargi.

Tasowarsa

An haifi Popham a watan Oktoba na shekarar 1762, lokacin da mahaifinsa ke riƙe da muƙamin ƙaramin jakadan Birtaniya a birnin Tetuwan na ƙasar Maroko.

Ya shiga rundunar sojan ruwa a 1778. Bayan yaƙin neman 'yancin Amurka ya yi aikin auna gaɓar tekun kudancin Afirka, daga nan ya tsunduma cikin fatauci a Indiya da Sin.

Fataucin bai ƙare da daɗi ba. A 1793 hukumomin Birtaniya sun ƙwace jirginsa mai suna Etrusco, bisa zargin ya yi ciniki a yankin da doka ta keɓe wa Kamfanin Gabashin Indiya shi kaɗai.

Ya koma aikin soja a shekarar da yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Faransa, ya kuma yi suna wajen jigilar dakaru ta ruwa.

A 1801 ya jagoranci jiragen yaƙi a Bahar Maliya, inda ya taimaka wajen kai dakarun da aka ɗauko daga Indiya domin fatattakar Faransawa daga Masar. A 1802 kuma ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da Sarkin Lahej, wanda tashar Aden ke ƙarƙashinsa.

Harshen tutoci

Kafin Popham, rundunar na amfani da tsarin da Lord Howe ya kyautata a 1790, mai tutoci goma, kowace tana wakiltar lamba ɗaya.

Idan aka ɗaga tuta biyu ko uku a kan igiya ɗaya, sai su haɗa lamba, mai kallo ya duba littafi ya ga umarnin da take nufi.

Sai dai umarnin duk an riga an tsara su, kamar a kai hari, ko a ja da baya, ko a jera sahu. Abin da babu shi a littafin kuwa, sai an saukar da kwalekwale an aika manzo.

Popham ya fito da littafinsa a 1800. Bai sauya tutocin ba, abin da ya sauya shi ne ma'anar lambobin.

Ya ware lamba 1 zuwa 25 ga haruffa, sauran kuma ya ba kowace kalma guda. Littafin farko na ɗauke da kalmomi kusan 1,000, bugun 1803 kuma ya kai kimanin 3,000, har da gajerun jimloli da sunayen wurare.

Ta haka kyaftin ke iya haɗa jimlar da ya ga dama. Kalmar da ba ta cikin littafin sai a jero ta harafi bayan harafi.

Ranar Trafalgar

Tsarin ya nuna amfaninsa a watan Oktoba na 1805, wato shekara guda da 'yan watanni bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu.

Jiragen Faransa da na Sifaniya suna cikin tashar Kadiz, Admiral Nelson kuma ya ja rundunarsa nesa yadda abokan gaba ba za su hango ta ba, ya bar jerin jirage a tsakani suna miƙa wa juna saƙo.

Ran 19 ga wata masu gadi suka ga abokan gaba na fitowa, kuma labarin ya bi tutoci daga jirgi zuwa jirgi har ya iske Nelson a wannan safiya.

Ran 21 ga wata, gab da gwabzawa, Nelson ya so ya shaida wa mayaƙansa cewa ƙasarsu ta amince kowa zai sauke nauyin da ke kansa.

Jami'insa mai kula da tutoci, Laftanar John Pasco, ya lura cewa kalmar amincewa babu ita a littafin Popham, amma akwai ta sa rai. Nelson ya yarda aka musanya su domin lokaci ya ƙure.

Sau 12 aka ɗaga tutoci kafin saƙon ya cika. A ranar jiragen Birtaniya 27 suka rinjayi 33 na abokan gaba, Nelson kuma ya rasa ransa.

Gaban kotun soja

Popham bai halarci wannan yaƙi ba. A watan Janairun 1806 shi ne ya jagoranci jiragen da suka kai dakarun Janar David Baird suka ƙwace Cape Town daga hannun Holand.

Daga can, ba tare da izinin gwamnati ba, ya ƙetare tekun Atlantika da sojoji kimanin 1,500 ƙarƙashin William Beresford, suka kama Buenos Aires a watan Yuni.

Nasarar ba ta yi ƙarko ba. A watan Agusta mutanen birnin, ƙarƙashin Santiago de Liniers, suka ƙwato garinsu, suka kama Beresford da dakarunsa.

An kira Popham gida, kuma a 1807 kotun soja ta same shi da laifin barin wurin aikinsa, ta yi masa kakkausan gargaɗi. Amma 'yan kasuwar London, masu kwaɗayin kasuwannin Kudancin Amurka, sai suka karrama shi da takobi.

Ƙarshen rayuwarsa

Hukuncin bai dakatar da shi ba. Ya shiga harin Kopenhagen a 1807, a 1812 kuma ya tallafa wa mayaƙan sari-ka-noƙe a arewacin Sifaniya, abin da ya ɗauke hankalin dakarun Faransa masu yawa daga yaƙar Wellington.

An ƙara masa girma zuwa admiral a 1814. A 1817 aka naɗa shi kwamandan jiragen Birtaniya a Jamaika, inda cuta ta kashe masa 'ya'ya biyu, shi ma lafiyarsa ta taɓarɓare.

Ya rasu a garin Cheltenham na Ingila a watan Satumba na 1820, yana da shekara 57.

Dabararsa ta ci gaba bayansa. Kyaftin Frederick Marryat ya fitar da irin wannan tsari domin jiragen fatake a 1817, sannan a 1857 aka samar da kundin da daga baya ya zama na ƙasa da ƙasa, wanda jiragen ruwa ke ɗauke da tutocinsa har yau.