Sarkin Kano Ali Yaji

Ali Yaji shi ne sarki na 11 a jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda. Ubansa shi ne Sarki Tsamiya. Tarihin Kano ya nuna cewa tun yana yaro yana da zafin zuciya, saboda haka aka yi masa laƙabi da Yaji. Ya hau gadon sarauta cikin shekarar 1349.

A wancan zamani mulkin Kano bai yi nisa da ganuwa ba, gama garuruwa da yawa ba sa bin sarki. Yaji ya fara da Rano, ya kori sarkinta, ya shigar da ƙasar ƙarƙashin Kano.

Ana nan sai Wangarawa suka zo daga Mali, su wajen 40, shugabansu Abdurrahman Zaite. Suka kira sarki zuwa ga salla, ya karɓa. Ya naɗa liman da ladan da alƙali daga cikinsu, aka kuma gina masallaci a gindin bishiyar da mutane suke yi wa tsafi a da.

Amma da sauran aiki. Kudu da birni, a ƙasar Dawakin Kudu ta yanzu, akwai Santolo, gari mai ƙarfi a jikin dutse, matattarar masu tsafi. Muddin Santolo na tsaye, ba mai tsoron Kano. Yaji ya roƙi Wangarawa su taimake shi da addu'a, sa'an nan ya fita da mayaƙansa. Aka yi kwanaki ana gwabzawa, daga bisani ya ci garin. Da labari ya bazu, sai garuruwa da yawa suka yi mubaya'a.

Bayan wannan ya kai yaƙi Warji, ya kuma nufi Kwararrafa. Mutanen can suka gudu kan dutse, suka ba da bayi 100 don a zauna lafiya.

Yaji ya rasu cikin shekarar 1385, ɗan'uwansa Bugaya ya gaje shi. Daga baya ɗansa Kanajeji ya yi sarauta, shi ma ya zama mayaƙi.

Yaji ya tarar da Kano ƙaramar masarauta, ya bar ta ƙasa mai faɗi. Kuma tun daga zamaninsa ne Musulunci ya sami wurin zama a fadar Kano.