Susanna Wesley, Uwar da Ta Mai da Gidanta Makaranta

An haifi Susanna a birnin Landan na ƙasar Ingila a shekara ta 1669. Mahaifinta, Samuel Annesley, sanannen mai wa'azi ne daga cikin fastocin da suka rabu da Ikklisiyar Ingila, kuma ya ba 'yarsa damar karatu a zamanin da ba a cika damuwa da ilimin 'ya'ya mata ba. Tana da wajen shekara 13 ta auna koyarwar ɓangarorin biyu da kanta, ta zaɓi Ikklisiyar Ingila. A 1688 ta auri Samuel Wesley, wanda daga baya ya zama faston ƙauyen Epworth.

Zamansu a Epworth bai zo da sauƙi ba. Ubangiji ya ba su 'ya'ya 19, amma tara sun rasu tun suna jarirai. Bashi ya yi wa maigidan katutu, har aka tsare shi a kurkukun Lincoln a 1705. Kafin haka ma, saɓani a kan batun sarautar ƙasar ya sa ya bar gida na tsawon watanni. Cikin wannan hali ne Susanna ta ɗauki nauyin karantar da yaranta.

Da zarar yaro ya fara magana, sai ta koya masa Addu'ar Ubangiji, ya riƙa yin ta safe da dare. In ya cika shekara biyar, sai ya shiga aji. A rana ta farko yakan koyi haruffa duka, bayan haka a buɗe masa surar farko ta Farawa, ya riƙa haɗa baƙi aya bayan aya har karatu ya zauna. Awa shida ake yi kullum, uku da safe, uku da rana. Ta kuma kafa doka cewa ba za a koya wa yarinya ɗinki ba sai ta iya karatu sosai.

A watan Fabrairu na 1709 gobara ta cinye gidan ƙurmus. Da ƙyar maƙwabta suka ciro John, yaro ɗan shekara biyar, ta taga kafin rufin ya rufta. Aka rarraba yaran gidajen mutane har a gama sabon gini. Da suka dawo, uwar ta tarar sun kwaso kalamai da halayen da ba ta san su da su ba. Sai ta sake shiri: ana buɗe aji a rufe da waƙar Zabura, kuma kowane babba yakan ja ƙaraminsa gefe su karanta Zabura da sura guda, Tsohon Alkawari da safe, Sabon Alkawari da yamma. Ta rubuta wa 'ya'yanta bayani a kan Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da Dokoki Goma. Daga baya ta keɓe wa kowane yaro lokacinsa a mako domin su tattauna zancen ruhaniya su biyu kaɗai. Daren Alhamis shi ne na John.

A lokacin sanyi na ƙarshen 1711 zuwa farkon 1712, maigidan yana Landan wajen taron ikklisiya. Susanna ta fara tara iyalinta ran Lahadi da yamma domin addu'a da karanta wa'azi. Maƙwabta suka ji, suka yi ta zuwa har suka haura mutum 200. Mataimakin fasto ya kai ƙara, mijin ya rubuto yana nuna damuwa. Ta amsa masa cikin ladabi cewa in yana so a daina, to ya ba da umarni a fili, alhakin rayukan nan ya koma wuyansa. Taron ya ci gaba har ya dawo.

Horonta yana da tsanani, har da bulala tun yara suna ƙanana, abin da iyaye da yawa a yau ba za su bi ba. Wasu daga cikin 'ya'yanta mata kuma sun sha wuya a gidajen aurensu. Tarbiyya ba ta kawar da gwaji daga rayuwar 'ya'ya. Duk da haka irin da ta shuka ya tsiro. John ya zama jagoran farkawar da ta haifi Ikklisiyar Methodist, Charles kuwa ya rubuta waƙoƙin yabo fiye da 6,000, har da sananniyar waƙar Kirsimeti ta 1739 a kan mala'ikun da suka yi shelar haihuwar Almasihu.

Susanna ta rasu a Landan ran 23 ga Yuli, 1742, bayan ta roƙi 'ya'yanta su raira Zabura ta yabo da zarar ta cika. Shekara 100 bayan haka, a 1842, ɗan mishan na Methodist, Thomas Birch Freeman, ya sauka a Badagry, ya kuma yi sujadar Kirsimeti a can a wannan shekara.

Iyaye mata, hutun Kirsimeti yana kawo yara gida na makonni. Abin da Susanna ta yi amfani da shi yana hannunmu: Littafi Mai Tsarki, tsayayyen lokaci, da haƙurin maimaitawa. A raba Luka sura 1 da 2 da Matiyu sura 1 da 2 zuwa 'yan ayoyi kowace rana, yaya ya karanta wa ƙane, uwa kuma ta samo wa kowane yaro daren da zai zauna da ita shi kaɗai. Uba ma kada ya janye jiki, gama umarnin da ke cikin Maimaitawar Shari'a 6:6-7 na iyaye biyu ne. Ubangiji ya ba mu alherin yin haka. Amin.